Rigar da Baba Ya Ɗinka wa Bijimin Roba

Shekarun baya, tun ina koyarwa a wata firamare cikin garin Gumel, kafin a mayar da ni Sule Tankarkar, na tafka wata wauta da har yau idan ta faɗo mini sai in ji abinci ya fita raina. Tsofaffin masu bibiyar shafin nan sun sha tambayata me ya sa hotuna suka ɗauke ɗif na tsawon lokaci, kuma ina bijimin nan da kowa ya fi so. Kullum sai in ce aiki ne ya yi mini yawa. To, ba aiki ba ne. Yau dai zan faɗi gaskiya.

Ga waɗanda suka zo daga baya, ni mutum ne mai tara 'yan tsanar roba, irin dabbobin finafinan katun ɗin nan masu tsayuwa da ƙafa biyu kamar mutane, waɗanda ake lanƙwasa musu hannu da gwiwa da wuya su tsaya yadda ka tsayar da su. Sai in yi musu ɗan gari ko 'yar kasuwa da karan dawa da tsinken ashana, in jera su, in ɗauke su hoto da waya. An ce gemu ba ya hana ilimi, ni kuwa nawa bai hana ni wasa ba.

Abokina ne ya jawo mini. Yana da shagon cajin waya da tura finafinai, shago biyu ne tsakaninsa da shagon ɗinkin mahaifina. A wurinsa na fara kallon katun ina fakewa da cewa ɗalibaina nake duba wa. Wata Alhamis, lokacin hutu, na raka shi kasuwar Maigatari, muka tarar an fasa dilar kayan wasa na gwanjo an zube a kan leda, yara da iyaye mata sun yi cincirindo. A cikin tarkacen nan na hango wani bijimi. Tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba, ga faɗin kafaɗa, ga siririn ƙugu, ga ƙahoni biyu sun baje, na hagu da ɗan tabon ƙuna. Ba shi da sutura sai gajeren wando da aka zana masa da fenti. Na ɗaga masa hannu, hannun ya tsaya a sama. Na karkata masa wuya, sai ga shi yana kallona a kaikaice kamar dillalin da aka yi wa tayin raini. Na saye shi, na ce wa mai kayan tsaraba ce zan kai wa ƙanena. Ba ni da wani ƙane mai shekarun wasa, abokina kuwa ya sani, dariya ya yi ta yi har muka iso Gumel.

Daga bijimi sai zomo, sai kunkuru mai tabarau, sai damisa, sai wani biri da ƙafarsa ɗaya ta ɓace na yi masa ta itace. Kafin shekara biyu na cika akwatin ƙarfe. Duk Alhamis ana tashi daga makaranta sai in hau mashin in nufi Maigatari, in isa ana shirin kwashe kaya, in durƙusa ina tone tare da 'yan yara. Na koyi abubuwa da kaina. Na gane hasken hantsi da na bayan la'asar sun fi na tsakar rana, na gane idan ka sa ɗan madubi a gefe inuwar fuska tana gushewa, na kuma gane babban sirrin: sai ka kwanta rub da ciki, ka sa wayar a ƙasa, sannan ɗan abin da bai kai tafin hannu ba zai fito kamar ƙato. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Duk wannan abin, mutum ɗaya nake ɓoye wa, shi ne mahaifina. Kuma mutum ɗaya nake so a duniya ya ga hotunan ya ce sun yi kyau, shi ne dai mahaifina.

Ni ɗan fari ne. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan yake nufi. Ana yaye ni aka kai ni Gagarawa wurin kakata, ban dawo gidanmu ba sai da ta rasu, ina da shekara goma sha biyu. Na dawo na tarar da uba mai wasa da ƙannena, yana ɗora su a cinya yana taka keken ɗinki, amma ni ko sunana ba ya faɗa. "Mutumin Gagarawa" yake ce mini, shi ma ba kai tsaye ba. Idan yana son in yi wani abu sai ya gaya wa mahaifiyata ina tsaye a wurin: "A ce wa mutumin Gagarawa ya kai buhun nan zaure." Ita ma da tata kunyar, sai ta kalli gefe ta ce, "To, an dai ji." Na san al'ada ce, na san ba ƙi ba ne, amma sani daban, abin da zuciya take so daban. Tela ne da duk unguwa ta yarda da shi, ya auna rabin mazan garin nan, amma bai taɓa ɗora mini tef a kafaɗa ba. Idan sallah ta zo sai dai in shiga ɗaki in tarar da kayana a ninke a kan katifa. Ba wanda zai ce ga shi, ni ma ba na cewa na gani.

Ga shi mutum ne mai kamewa, ɗan sahun gaba a masallaci, ba a jin dariyarsa daga waje. Shi ya sa na ɗauka ranar da ya san ɗansa na fari, malamin makaranta, yana wasa da 'yan tsana, ɗan mutuncin da nake da shi a idonsa ya ƙare. Kullum suna cikin akwati a ƙarƙashin gado, na rufe da tsohon bargo.

Abin da ya tona mini asiri hoto ɗaya ne, kuma shi ne hoton da ya fi kowanne karɓuwa a shafin nan. Na ɗauki bijimina na kai shi kara, kasuwar shanun Maigatari, na tsayar da shi a kan wani ɗan tudu, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya yana nuna garke, kamar shi ne ya zo taya shanun. Don shanun gaske su fito a bayansa daidai da tsayinsa, sai na kwanta rub da ciki a tsakiyar kara, cikin kashin shanu, da farar rigata ta aiki. Na fi minti ashirin a kwance ina jiran wani farin sa ya juyo da kai. Ban san wani dattijo mai fataucin shanu, ɗan majalisar ƙofar shagon mahaifina, yana tsaye yana kallona ba.

Washegari Juma'a na biya ta shagon in gaishe su kamar yadda na saba. Na durƙusa ke nan, dattijon nan ya dubi mahaifina ya ce, "Malam, jiya na ga abin al'ajabi a Maigatari. Malamin makaranta guda, kwance cikin kashin shanu, yana ɗaukar 'yar tsana hoto. Na ce ko gamo ya yi ne a kai shi a yi masa addu'a?" Majalisa ta kwashe da dariya. Wani ya ce ai maganin abin aure ne, a samo masa mata ya haifi masu wasan. Ni ina durƙushe, kunnuwana sun yi zafi, ina satar kallon mahaifina. Ƙafarsa ba ta tsaya a kan keke ba. Bai yi dariya ba, bai kuma ce uffan ba. Da ya kai ƙarshen layin ɗinkin sai ya ce wa na kusa da shi, "Miƙo mini almakashin nan."

Na tashi na tafi da abu biyu a raina, kunya da haushi. Kunyar na jawo masa dariya a gaban sa'o'insa, haushin kuma bai ce komai ba. Da ya zage ni ma da na fi jin daɗi. Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya a kusa, kuma idan na ƙulla abu a raina ba na tambaya, ni ne alƙali ni ne shaida.

Bayan kwana huɗu na dawo daga makaranta da azahar. Da safe na bar bijimin a kan tebur, saboda na wanke shi ina so ya bushe, ɗakina kuma ba na kulle shi. Ina tura ƙofa sai na gan shi a kan taga, a tsaye, sanye da babbar riga. Farar shadda ce, da aiki na shuɗin zare a ƙirji, ƙanana-ƙananan zanen aska kamar na rigar manya, har da ɗan aljihu. An naɗe masa hannun rigar a kafaɗa yadda dattawa suke yi. Ba sai an gaya mini ba, na san hannun da ya yi ɗinkin, ba mai kashe bakin zare haka a garin nan sai mutum ɗaya. Haske yana shigowa ta tagar ya sauka a kan shaddar, irin hasken da nake kwana biyu ina nema ban samu ba. Wayata tana hannuna.

Ban ɗauka ba. Abin da ya zo mini shi ne kakata. Ita idan na makara ban tafi gona ba, ba ta faɗa, sai dai in farka in ga fartanya a gefen kaina. Idan na ƙi ɗebo ruwa, in tarar da tulu a kan tabarmata. Haka na taso na san manya suna yi, su ajiye maka abu ya yi maganar a madadinsu. Sai na ce to, ga fartanyata ta iso. Wa yake ɗinka wa 'yar tsana kaya in ba 'yan mata ƙanana ba? Wato Baba yana ce mini, tunda ka zaɓi wasan 'yar tsana ka bar abin da maza suke yi, ga kayan 'yar tsanarka nan na taya ka. Hannunka mai sanda ne, kuma na gane. Haka na yanke, ni kaɗai a ɗaki, cikin minti ɗaya.

Na cire rigar. Wajen cirewa na lura ba ta ka ake sa ta ba, tunda ƙahonin ba za su shiga wuyan ba, an tsaga ta baya an sa wani ɗan mitsitsin maɓalli, an ɓoye shi cikin ninki yadda ba za a gan shi a hoto ba. Na gani da idona, amma fushi bai bar ni na tsaya na yi tunanin wane mai habaici ne zai ɓata lokacinsa haka ba. Na jira aka tafi sallar la'asar, na shiga shagon, na ajiye rigar a kan kekensa, a daidai inda zai fara kai hannu. Na mayar masa da kayansa ke nan, ban ce komai ba, yadda shi ma bai ce ba. A lokacin har ji nake na yi abin maza.

Ranar Alhamis na juye akwatin gaba ɗaya cikin buhu. Na biya wa abokina ya raka ni Maigatari, da ya ga buhun ya tambaya, na gaya masa abin da ya faru da abin da zan yi. Sai na ga fuskarsa ta canja. Ya ce, "Kai, ka bi a hankali. Anya abin da kake zato shi ne? Ka bar su a shagona ko sati ɗaya ne, ka huce." Na ce masa shi ba ɗan fari ba ne, bai san komai ba. Ya ce, "Wallahi da zan iya gaya maka wani abu da na gaya maka." Na ce ya riƙe abinsa, in ba zai je ba in tafi ni kaɗai. Bai je ba. Har na tayar da mashin yana tsaye a ƙofar shago yana kiran sunana.

A Maigatari na sami wani ɗan Damagaram mai sayen kayan wasa yana haurawa da su tsallake, yana ɗaure kayansa za a loda a mota. Na miƙa masa buhun. Ya buɗe, ya zaro bijimin, ya jujjuya shi, ya ce, "Nawa za ka bar mini, malam?" Na ce ya ɗauka kawai. Ya dube ni da kyau ya ce, "Kado? Kyauta? Duka?" Na ce duka. Ya yi ta godiya yana sa mini albarka, ya cusa bijimin cikin buhu da kai ƙasa. Ban tambayi sunansa ba, ban tambayi garin da zai sauke ba. Na dawo gida da mashin ba nauyi, ina jin kaina wani sabon mutum.

Da safe ina ɗaure takalmi a ƙofar ɗaki, mahaifina yana zaune a tsakar gida yana shan koko, mahaifiyata tana gefen murhu. Sai na ji ya yi gyaran murya ya ce mata, "A tambayi mutumin Gagarawa, ko ɗinkin ne bai yi ba? In da gyara a kawo." Ni kuwa a kunnena ƙarin gishiri ne a kan gyambo. Ban ɗago ba, na ce, "Inna, a ce masa ya kwantar da hankalinsa. Na daina. Na rabar da su duka jiya, ba zan sake ba shi kunya ba." Baba ya daɗe yana riƙe da ludayin bai kai baki ba, sannan ya ce, "To." Ya ajiye kwanon da sauran kokon a ciki, ya ɗauki hularsa ya fita. Mahaifiyata ta bi ni da wani kallo, sannan ta juya ta ci gaba da iza wuta.

Shi ke nan, ba a sake tayar da maganar ba. Ba da jimawa ba aka mayar da ni Sule Tankarkar, ina zuwa gida ƙarshen mako, in durƙusa in gaishe shi, ya amsa yana kallon ɗinkinsa. Sallah ta zo na tarar da kayana a kan katifa kamar kullum. Ni a ganina mun daidaita, na bar abin da ba ya so, ya daina jin kunyata. Cikin damina ta biyu bayan wannan ya kwanta ciwo, kwana tara, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Bayan sadakar bakwai aka ce ni babba in je in buɗe shagon, a mayar wa mutane yadukansu. Abokina ya zo taya ni. Muna cikin haɗa kaya na jawo aljihun keken, inda yake ajiye allurai da zare, sai na ga wani gwangwanin alewa a can ciki. Na buɗe. Farar rigar ce a sama, a ninke, an goge ta. A ƙarƙashinta akwai wasu: ɗan kaftani mai tsaga biyu, wata 'yar shara mai faɗin baya sosai, wando mai ƙafa ɗaya doguwa ɗaya gajeriya, da hula mai huda biyu a sama. Na zauna a kan kujerarsa ina jujjuya su. Mai faɗin bayan ta kunkuru ce. Wandon na birin ne mai ƙafar itace. Hular kuwa, hudojin na kunnuwan zomo ne.

Na ɗauko littafin da yake rubuta awon mutane da ajami, ina duba na masu yadi. A tsakanin awon wani liman da na wani direba, ga shafi guda an rubuta a samansa, "Na mutumin Gagarawa." A ƙasa: sa, kafaɗa kaza, tsawo kaza, wuya a tsaga ta baya. Zomo. Kunkuru. Damisa. Biri, ƙafar hagu a rage. Duk ya auna su, ɗaya bayan ɗaya, da tef ɗin da yake auna manyan gari. Wato ya san akwatin, ya san bargon, ya daɗe da sani. A gaban awon bijimin kaɗai ya ja layin da yake ja idan ya ba da ɗinki. Sauran yana jira ne ya ga yadda ta farko za ta karɓu.

Na ɗago na ga abokina ya juya baya yana share ido. Na ce, "Ka sani?" Ya ce, "Na sani." Ya ce tun kafin maganar kara da wata da watanni, Baba yake zuwa shagonsa duk Juma'a bayan masallaci, ya miƙa 'yar ƙaramar wayarsa a sa masa caji, wayar kuwa cike take. Sai ya zauna a benci, ya yi ta 'yan kame-kame, can ya ce, "Wancan ya saka sabo?" Abokina ya buɗe masa shafin, Baba ya sa tabarau, ya kalli kowane hoto a hankali, wani ya ce a ƙara girmansa. Ya ce ranar da ya ga na kara, bayan an gama yi masa dariya a majalisa, sai da Baba ya yi dariyar da bai taɓa jin ya yi ba, har da tari, sannan ya ce, "Amma fatake ba sa zuwa kara tsirara. Wannan sa ya rasa tela." Kuma ya ɗaure shi da alkawari: "Amana na ba ka. Kada ya ji daga bakinka." Na ce masa me ya sa ranar buhun bai karya alkawarin ba. Ya ce, "Na kira ka har sau uku, ka ba mashin wuta." Ya ce bayan na rabar da su Baba ya ƙara zuwa Juma'a biyu, ya tambaya, aka ce ba sabo. Daga nan bai sake kawo cajin ba.

Na ɗauki gwangwanin na kai wa mahaifiyata. Tana cikin takaba, tana zaune a ɗaki tana tsince wake a faifai. Na ajiye a gabanta, na ce, "Inna, me ya sa ba ki gaya mini ba?" Ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Ni in shiga tsakanin mutum da ɗansa na fari in ce me? In ce yana son ka? A bakin wa ka taɓa jin an faɗi haka?" Ta ci gaba da tsintar wakenta, sannan ta ce, "Kwana uku ya yi a kan rigar nan, ya ajiye ɗinkin mutane. Idonsa ba ya ganin ramin allura, ni nake zura masa zare. Kai ba ka lura ba ne? Tun kana Gagarawa haka yake yi maka. Bai taɓa auna ka ba, tsohuwar rigarka yake sa a kawo masa, ko ya ɗauka a igiyar shanya idan ka fita, ya auna, ya ƙara abin da ka ƙaru da ido. Ya gama ya ajiye maka inda za ka gani. Ka taɓa sa wadda ta yi maka kaɗan?"

Ban taɓa ba. Shekara ashirin da wani abu ina sa kayan sallah cif a jikina, ban taɓa tambayar kaina yadda aka yi mutumin da ba ya kallona ya san faɗin kafaɗata ba. Abin da ya yi wa bijimin shi ne abin da yake yi mini tun ina yaro, ya auna ba na nan, ya ɗinka, ya ajiye, ya yi shiru. Hanya ɗaya ke nan da yake da ita ta yi mini magana, ya kuma yi mini ita a kan abin da na fi so a duniya, ni kuwa na ɗauka na mayar masa a kan keke. Na yi kuka a ɗakin nan irin wanda ban yi ba ranar jana'iza. Mahaifiyata ba ta rarrashe ni ba, ta dai tura mini kofin ruwa da gefen hannunta.

Ba al'adar nake zargi ba, kada wani ya zo ƙasan rubutun nan ya ce haka. Yanzu ni ma ina da 'yar fari, kuma na ji yadda sunanta yake yi mini nauyi a baki a gaban manya, ba wanda ya koya mini. Kaina nake zargi. Na san manya suna ajiye abu don su yi faɗa, na manta suna ajiyewa don su yi kyauta, alhali ina da shaidar hakan a jikina duk sallah. Kuma ya buɗe mini ƙofa da bakinsa, ya ce in da gyara a kawo, wanda a wurin mutum irinsa ba ƙaramin abu ba ne. Tambaya ɗaya ta ishe ni, ko ta bakin Inna ce. Girman kai ya hana ni. Da na sani ƙeya ce, a baya take.

Na dawo da ɗaukar hoto ne saboda na san da yana nan da zai tambaya ko an saka sabo. Na sami wani zomon, hular ta zauna masa. Kunkurun da kuke gani da 'yar shara, to, ɗinkin Baba ne, yau kun sani. Amma bijimin na nema har na gaji. Na yi Alhamis ba adadi a Maigatari ina tambayar masu haurawa tsallake, ina kwatanta musu ƙahon hagu mai tabon ƙuna, wasu su yi dariya, wasu su ce za su duba. Ɗan Damagaram ɗin ban sake ganinsa ba. Wataƙila wani yaro a can ya yi wasa da shi har ya karye, Allah ya sa ya ji daɗinsa.

Ina da hotuna fiye da yadda waya za ta iya ɗauka, amma babu wanda ya fi tsaya mini a rai kamar wanda ban ɗauka ba, bijimi a kan taga da farar riga, haske ya sauka daidai, waya tana hannuna. Na sayi wasu shanun roba har guda huɗu tun daga lokacin, na gwada wa kowanne rigar. Wani ta yi masa yawa a kafaɗa, wani maɓallin ya ƙi haɗuwa. Matata ta ce in kai wa tela ya ɗan rage ta, na ce a'a, ba mai taɓa ta. Baba ba ya kuskuren awo. Rigar ta wancan bijimin ce shi kaɗai, ni kuwa da hannuna na ba da shi kyauta.